Zauren Kwamfuta: Sunan na ciki, amma na'ura ta ce babu

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan kamar an yi shawara, kusan duk kuka ɗaya suke yi: an zuba bayanai a kwamfuta, an dawo nema, ta ce ba ta san zancen ba. Na tsamo guda biyar. Mai tambaya kan batirin sola ya yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciya ce a ɗakin kati na wani asibiti mai zaman kansa. Shekara uku ke nan da aka sa mana manhaja, sunayen da ke ciki sun haura 40,000. Mara lafiya zai zo ya ce ya taɓa yankar kati amma ya ɓata, mu buga sunansa, kwamfuta ta ce babu, sai mu buɗe masa sabon fayil. Akwai matar da muka gano tana da fayil huɗu. Likita na ta yi mana faɗa, mu kuma muna ganin laifin manhajar ne. Ina mafita? Daga wata 'yar'uwa a Katsina.

AMSA: Malama, sannu da aiki. Ban ga fayilolin matar nan ba, amma kusan zan iya rantsuwa cewa sunanta ba a rubuta shi iri ɗaya ba a fayil huɗun. Mu ɗauka sunanta Sa'adatu, mijinta Muhammadu, garinsu Ƙanƙara. Wadda take kan aiki ranar Litinin ta rubuta Sa'adatu. Ta ranar Laraba tana sauri, ta rubuta Saadatu. Mai aikin dare ya saka tazara, Sa adatu. Sunan mijin kuwa ba a magana: Muhammad, Muhammadu, Mohammed, Moh'd, Muh'd. Garin kuma wani ya sa Ƙanƙara, wani Kankara, wani tsohon hannu ya rubuta K'ank'ara kamar yadda ake yi zamanin tafireta. Ke da kika ga waɗannan kin san mutum ɗaya ce. Kwamfuta ba ta san mutum ba, ba ta ma san harafi ba. Lamba take gani.

Kowane harafi yana da lambarsa a Unicode, wato tsarin da kwamfutoci ke bi wajen ba haruffa lamba. Ƙaramin k lambarsa 107, ƙ mai ƙugiya kuma 409. Babban K 75 ne, babban Ƙ 408. A wajen na'ura, nisan da ke tsakanin k da ƙ daidai yake da na k da kowane baƙon harafi, ba dangin iya ba na baba. Waƙafin saman nan da muke sa wa Sa'adatu ma ba guda ɗaya ba ne. Akwai miƙaƙƙe na kan kibod, lambarsa 39. Akwai lanƙwasasshe wanda Word da wasu wayoyi ke musanya miki da shi ba tare da sun yi sallama ba, lambarsa 8217. Akwai na uku, 700, wanda aka tanada don harsunan da ke ɗaukar alamar a matsayin harafi. A allo kusan kamarsu ɗaya. Har tazarar da yatsa ya danna bisa kuskure a ƙarshen suna tana da lamba, 32, kuma a wasu rumbunan, wato ma'ajiyar bayanai ta manhaja, ta isa ta ɓoye mutum.

Za ki ce ai manhajoji na zamani suna gane é ta Faransanci in an buga e. Gaskiya ne, kuma a nan ne aka bar mu a baya. Unicode ya ɗauki é a matsayin e da aka ɗora wa alama, don haka ana iya cire alamar a bar e. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kuwa ba a ɗauke ta ado ba, a jikin harafin take, ba ta ɓantaruwa. Dabarar da ke yi wa Faransanci aiki sai ta wuce haruffanmu ko kallonsu ba ta yi ba. Wani abin kuma, SQLite, wato ƙaramin rumbun da ke cikin wayoyin Android da iPhone da ƙananan manhajoji ba iyaka, idan ana nema da umarnin LIKE yana daidaita babban baƙi da ƙarami ne a haruffa 26 na Ingilishi kawai. Zai yarda KANO da kano ɗaya ne, amma Ƙaraye da ƙaraye abu biyu ne a wurinsa.

Wannan duk matsalar rubutu ce. Akwai ta al'ada, wadda ta fi ta zurfi. Mace ta zo tana budurwa da sunan mahaifinta, ta dawo awon ciki da sunan mijinta. Wata ma ba za ta faɗi sunan mijin ba saboda kunya, sai 'yar rakiya ta faɗa, ita kuma ta faɗi laƙabin da aka san shi da shi a unguwa. Abubakar ya zama Garba ko Habu, Ibrahim ya zama Iro, Khadija ta zama Dije, A'isha ta zama Indo, Hauwa ta zama Kulu, Maryam ta zama Mairo. Ku kuma a Katsina kuna da baƙin da ke shigowa daga Maraɗi ta Jibiya, takardunsu da rubutun Faransanci: Ousmane maimakon Usman, Issoufou maimakon Yusuf, Mahamadou maimakon Muhammadu, Aïchatou maimakon A'ishatu.

Ga abin da za ku ce wa wanda ya haɗa muku manhajar. Ya bar gurbin suna yadda yake, ya ƙara wani gurbi a gefensa wanda ba mai ganinsa, aikinsa nema kawai. Duk sunan da aka shigar, manhaja ta yi masa wanki kafin ta ajiye kwafinsa a wannan gurbi: ta mai da shi ƙananan baƙaƙe, ta sauya ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ƴ zuwa y, ta zubar da waƙafin sama kowane iri ne, ta share tazarar da ta yi yawa, kuma baƙin da ya zo biyu a jere ta bar ɗaya, don Hassan da Hasan, Abdullahi da Abdulahi su haɗu. Abin da kika buga a akwatin nema shi ma a bi da shi ta wannan wankin kafin a gwada. In an wanke ɓangare ɗaya an bar ɗaya, aikin banza aka yi. Sai kuma ɗan ƙaramin tebur na laƙubba, wanda zai ce Garba da Habu da Aboubacar duk ƙofar Abubakar suke bi. Wannan tebur ku ne za ku cika shi, ba injiniya ba, domin ku ne kuke jin sunayen a bakin masu su kullum. Ku ajiye littafi a kan kanta na wata ɗaya, duk laƙabin da ya ruɗe ku ku rubuta.

Na ce ya bar gurbin asali yadda yake, kuma da dalili na faɗa. Shekarun baya na yi wa wata makaranta aiki a nan Kano, irin wannan kukan suka kawo mini. Ina jin kaina gwani, da daddare na ba rumbun umarni guda ya cire ƙugiya da waƙafi daga sunayen ɗalibai duka, a kan gurbin asali, ban kuma ɗauki kwafi ba. Nema ya gyaru tas. Bayan mako biyu aka buga sakamakon jarrabawa, Ɗanladi ya fito Danladi, Sa'idu ya fito Saidu, Mas'ud ya koma Masud. Wani uba ya zo har ofis ya ce shi ba haka ya raɗa wa ɗansa ba, kuma yana da gaskiya. Cire ƙugiya minti ɗaya ne, mayar da ita kuwa ba umarnin da zai yi, don na'ura ba ta san wane k ne asalinsa ƙ ba. Kwana biyu muka yi ni da akawun makarantar muna bin rajista layi-layi. Har yau in na gamu da shi a ɗaurin aure sai ya tambaye ni ko na zo da ƙugiyoyinsa.

Abu na ƙarshe, kuma a asibiti shi ne mafi nauyi. Bayan wannan gyara, nema zai riƙa fito muku da mutane da yawa, ba ɗaya ba. Haka ake so. Amma kada ku yarda a sa manhaja ta haɗe fayiloli da kanta don sunaye sun yi kama. Sa'adatu matar Muhammadu ba ɗaya ba ce a Ƙanƙara. Fayil ɗin asibiti yana ɗauke da rukunin jini da maganin da jikin mutum ba ya karɓa, in aka gauraya na mutum biyu ba ƙaramar ɓarna ba ce. Na'ura ta jero, ke ki tantance da lambar waya da unguwa da shekaru, ki kuma tambayi mai fayil ɗin. Fayil huɗun matar can ma a kai wa likita ya duba kafin a haɗe su.

TAMBAYA: Malam, ina karatun kwamfuta, kuma aikina na kammalawa shi ne rumbun labaran Hausa. Na tara kusan labari 300,000 a manhajar rumbun bayanai ta MySQL. Idan na nemi kalma da LIKE '%noma%' sai ya ɗauki lokaci mai tsawo. Na sa fihirisa a kan gurbin kamar yadda aka koya mana, amma ba abin da ya sauya. Ko kwamfutata ce ta yi rauni? Daga wani ɗalibi a Damagaram.

AMSA: Ɗana, bar kwamfutarka ta huta, ba ta yi laifi ba. Alamar % a umarnin LIKE ma'anarta "ko mene ne", kuma ta farkon ce ta kashe maka fihirisar.

Ɗauki ƙamus. In na ce ka nemo mini kalmomin da suka fara da "noma", za ka buɗe tsakiya, ka ga ka wuce ko ba ka kai ba, ka sake raba ragowar biyu, nan da nan ka iso. Da irin wannan rabe-raben, layi miliyan ɗaya bai wuce taki 20 ba. Fihirisar da ka sa haka take, jeri ne da aka tsara daga harafin farko. Yanzu kuma in na ce ka nemo mini duk kalmar da "noma" ke cikinta ko a ina ne, har da "manoma", tsarin ƙamus bai amfane ka da komai ba, sai ka karanta shi daga bango zuwa bango. LIKE 'noma%' tambaya ce ta farko. LIKE '%noma%' ta biyu ce, kuma rumbun ba shi da zaɓi sai ya bi labari 300,000 ɗaya bayan ɗaya, yana lalube cikin kowanne.

Ban da jinkiri ma, LIKE ba ya sanin iyakar kalma. Gwada '%ali%' a teburin sunaye ka gani: Ali zai fito, Aliyu zai fito, sai ga Halima da Salisu da Salihu da Khalid sun biyo ayari. Nemi '%isa%' ka sha Nafisa.

Abin da aikinka ke bukata wata fihirisa ce daban, ta kalmomi. Malaman zaure sun riga mu saninta. Duk wanda ya taɓa riƙe Mu'ujamul Mufahras na Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, malamin nan na Masar, ya san tsarin: ka nemi kalma ta Alƙur'ani, littafin ya jero maka kowace sura da aya da ta zo a ciki. An sha wahalar sau ɗaya lokacin tsarawa, mai nema kuma ya huta har abada. Rumbu ma haka yake yi. Yana yayyanka kowane labari kalma-kalma, ya rubuta "noma: labari na 12, na 507, na 9,340", ya ajiye. In ka nemi "noma" da "taki" tare, jeri biyu kawai zai ɗauko ya ga inda suka haɗu. A MySQL sunanta FULLTEXT, ana tambayarta da MATCH da AGAINST. A PostgreSQL, wani rumbun irin MySQL, akwai tsvector. A SQLite akwai FTS5. Manyan shafuka kan koma manhajar nema ta Elasticsearch, wadda aka gina a kan Lucene da Doug Cutting ya rubuta a 1999, amma don labari 300,000 kada ka ɗauko wa kanka wannan kaya. Abin da ke cikin MySQL ya ishe ka.

Sai dai a nan ne Hausa za ta fara nuna maka hali, kuma wannan sashen ne zai sa aikinka ya fita daban in ka yi shi da kyau. Na farko, MySQL yana ƙin saka gajerun kalmomi a fihirisa. A InnoDB, ɗaya daga cikin tsare-tsaren tebur na MySQL, kalmar da ba ta kai harafi 3 ba ba ta shiga. A tsohon tsarin MyISAM kuwa sai ta kai 4, ma'ana Ali da Isa da Ado da rai da ido duk ba za a same su ba, kuma ba saƙon kuskure da zai faɗa maka. Duba wane iri teburinka yake. Ana iya sauya wannan iyaka, amma sai an sake gina fihirisar bayan an sauya.

Na biyu, jerin kalmomin da ake ƙin sakawa a fihirisa don sun cika yawa na Ingilishi ne. Kai za ka rubuta na Hausa: da, na, ta, ya, a, ne, ce, kuma, amma, wanda da 'yan'uwansu. Ka yi hattara da irin su "ce" da "sa" da "ga", don wani lokaci aikatau ne masu ma'ana.

Na uku, masu yanka kalma da yawa suna ɗaukar waƙafin sama a matsayin iyaka. Mai yankan da FTS5 ke zuwa da shi zai raba "jama'a" zuwa "jama" da "a", ya mai da "'yan" ta zama "yan". Ka gwada da hannunka ka ga yadda naka yake yi kafin ka yarda da shi.

Na huɗu shi ne babba. Ingilishi yana da manhajar da ke datse wutsiyar kalma ta koma tushe, don jam'insu galibi harafi ɗaya ne a ƙarshe. PostgreSQL yana zuwa da irin wannan don Ingilishi da Faransanci da Larabci da wasu harsuna, babu Hausa a ciki, shi ya sa mai amfani da shi gara ya zaɓi tsarin da suka kira simple, wanda ba ya taɓa kalma. Mu jam'inmu ba ya bin hanya ɗaya: gida gidaje, littafi littattafai, mace mata, ɗa 'ya'ya, manomi manoma. Wace wutsiya za ka datse wa "mata" ta koma "mace"? Shawarata ka fara da abu mai sauƙi, wato -n da -r na nasaba da ƙananan wakilan suna da ke manne a ƙarshe, don gidan da gidansa da gidanmu su haɗu da gida. Jam'i kuma ka yi masa tebur da hannu, ka fara da kalmomi ɗari biyu ko uku da suka fi yawa a labaranka. In ka yi wannan ka rubuta yadda ka auna shi, malaminka zai ga aiki.

In kuma lallai kana son neman guntun kalma a tsakiya, akwai fihirisa ta uku mai yanka rubutu haruffa uku-uku, Halima ta zama hal, ali, lim, ima. A PostgreSQL sunanta pg_trgm, kuma da ita LIKE mai % gaba da baya yana gudu. Kuɗinta shi ne wuri, tana cin faifai sosai, kuma kowace fihirisa ka ƙara, shigar da sabon labari zai ɗan ƙara nauyi.

TAMBAYA: Malam, ƙanena ya haɗa mini manhajar rubuta bashin kwastomomi. Tana aiki lafiya, amma duk lokacin da na nemi suna irin Sha'aibu ko Rabi'u sai ta fito da jan rubutu na Turanci ta tsaya. Ya ce in daina sa waƙafin. Daga wani mai shagon kayan masarufi a Gusau.

AMSA: Alhaji, kada ka daina. Ka kira ƙanen naka yau, ba gobe ba, domin Rabi'u ya tona muku rami ne kafin ɓarawo ya gan shi.

A SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, waƙafin sama shi ne ke buɗe zance ya rufe shi. Ƙanenka yana ɗaukar abin da ka buga ya liƙa shi kai tsaye cikin umarnin da ake aika wa rumbu. In ka buga Rabi'u, rumbun sai ya ɗauka zancen ya ƙare a Rabi, ragowar kuma umarni ne, bai gane shi ba, ya yi kuka. Kai da niyya mai kyau ka buga. Wanda ya san kan abin zai buga waƙafi, ya bi shi da umarni na gaske, rumbun kuma ya yi masa biyayya: ya zazzage masa sunayen masu bashi duka, ko ya goge su. Wannan na cikin tsofaffin hanyoyin kutse da aka fi sani a duniya, kuma har yanzu ana cin mutane da ita.

Maganin ba wuya. Ya rubuta umarnin da gurbi a ciki, alamar tambaya a inda sunan zai zauna, sannan ya miƙa sunan daban. Kowane harshen shirya manhaja yana da wannan, ko PHP ne ko Python ko Java. Kada ya ce zai riƙa goge waƙafin ko ya ninka shi da hannu, wannan toshe ɓaraka ce da tsumma. Ya bi duk inda manhajar ke karɓar rubutu ya gyara, ba akwatin nema kaɗai ba. Kafin ya taɓa komai kuma ya kwafe rumbun a filashi.

TAMBAYA: Ni a Excel nake ajiye lissafin atamfa da shadda. Lambobin wayar kwastomomi in na neme su da 080 ba sa fitowa. Sannan wasu kaya na sa musu alamar tauraro, amma in na nemi tauraron sai komai ya fito. Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

AMSA: Excel ya ɗauki lambar waya a matsayin adadi, adadi kuma ba ya farawa da sifiri, sai ya cinye shi. Lamba 11 ta koma 10. Ka mai da gurbin ya zama na rubutu kafin ka fara shigarwa, ko ka fara buga waƙafin sama sannan lambar. Waɗanda aka riga aka shigar, nemi su ba tare da sifirin farko ba. Ka kuma tsaya a tsari ɗaya, ko 080 ko +234, kada ka gauraya. Ni na fi son neman mutum da lambobi shida na ƙarshe, don su ba ruwansu da yadda aka fara.

Tauraro kuwa a wajen neman Excel ma'anarsa "ko mene ne", alamar tambaya kuma "harafi ɗaya ko wanne". In tauraron kansa kake so, sa alamar ~ a gabansa, ka buga ~* ke nan.

TAMBAYA: Malam, ina taimaka wa wata ƙungiyar 'yan asalin arewa a nan zango wajen rajistar mambobi. Sunaye sun zo da rubutun Gana da na Nijeriya da na Nijar. Na karanta cewa akwai wani abu SOUNDEX da ke nemo suna ta yadda ake furta shi. In yi amfani da shi? Daga wani ɗan'uwa a Kumasi.

AMSA: Malam, gaishe ku da zumunci. Ka gwada shi, amma ka san da wa kake tafiya. Soundex tsoho ne, Robert Russell ya yi masa rajista a Amurka a 1918, aka kuma yi amfani da shi wajen tsara sunayen ƙidayar jama'arsu. Yana riƙe harafin farko, ya zubar da wasula, ya mai da sauran baƙaƙe lambobi uku. Muhammad da Mohammed duk M530 suke ba da wa, Abubakar da Aboubacar duk A112. Har nan abin sha'awa. Amma tunda harafin farko ba ya taɓuwa, Usman U255 ne, Ousmane O255, ba za su taɓa gamuwa ba. Yusuf Y210, Issoufou I210. Umaru da Oumarou ma haka. Wato daidai inda ka fi bukatarsa, tsakanin rubutun Ingilishi da na Faransanci, nan yake zamewa. An kuma yi shi don haruffan Ingilishi, ba shi da lamba ga ƙ ko ɗ.

Zubar da wasulan ma yana da nasa haɗarin a wurinmu, don sau da yawa wasalin ƙarshe ne ke raba namiji da mace. A wurin Soundex, Aminu da Amina mutum ɗaya ne, haka Hassan da Hassana, haka Jamilu da Jamila.

Akwai wata hanya da ta fi shi, ta wani masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, Vladimir Levenshtein, daga 1965. Ita ƙirga take yi: harafi nawa za a ƙara, ko a cire, ko a sauya, kafin wannan kalma ta zama waccan? Daga usman zuwa ousmane taki 2 ne. Daga hauwa zuwa hawwa taki 1. Tana kama kuskuren yatsa da kyau, kuma ba ta damu da harafin farko ba. Amma ita ma daga aminu zuwa amina taki 1 ne, daga garba zuwa abubakar kuwa tafiya ce mai nisa ko da yake mutum ɗaya ne.

Da ni ne a kujerarka, wankin da na bayyana wa malamar Katsina zan fara yi, in ƙara masa ƙa'idoji kaɗan na rubutun Faransanci: ou ya koma u, dj ya koma j, tch ya koma c, e ɗin da ba a furtawa a ƙarshen Ousmane da Souleymane ya faɗi. Da wannan kaɗai Ousmane ya zama usman, Oumarou ya zama umaru. Sai teburin laƙubba, ka sa masa irin naku na Gana, Fuseini ya bi Husaini, Alhassan ya bi Hassan, Issah ya bi Isa. Ƙirgar Levenshtein ta zo a ƙarshe, don jera sakamako daga mafi kusa zuwa mafi nisa, ka kuma sa gurbin namiji ko mace a gefen kowane suna yadda mai nema zai gani. Mambobinku ba za su wuce 'yan dubbai ba, saboda haka gudu ba zai dame ka ba ko a tsohuwar laftof. In ka gama teburin laƙubban, don Allah ka aiko mini da kwafi ta adireshin mujalla, nawa na Kano ne zalla, ba shi da Fuseini ko ɗaya.